Amsoshin Tambayoyinku: Wuƙar Aljihu Mai Baki da Yawa, Amfani Gare Ta Ko Kwalliya Ce?

TAMBAYA

Ni malamin firamare ne, kullum a kan babur nake zuwa ƙauyen da nake koyarwa. Kwanakin baya na ga wata 'yar jar wuƙa ta naɗewa a hannun abokin aikina, a cikinta har da almakashi da sukurdireba da ɗan zarto. Ta ba ni sha'awa, amma da na taya a kasuwa sai na tarar kuɗin wata ya ninka na wata sau da yawa, alhali a ido kamarsu ɗaya. Don Allah daga ina wannan wuƙa ta samo asali? Tana da amfani na gaske ga mutum irina, ko kwalliya ce kawai? Sannan yawo da ita a aljihu ba zai jawo mini fitina ba, a wannan zamani da ake yi wa duk mai wuƙa kallon ɗan daba?

Daga wani mai karatu a Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA

Allah ya saka da alheri a kan hidimar da kake yi wa 'ya'yan jama'a. Tambayoyinka uku ne, zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ga taƙaitacciyar amsa tun daga farko: tana da amfani ƙwarai ga mai hawa babur zuwa ƙauye, muddin ka sayi mai kyau, mara nauyi, ka kuma san inda ƙarfinta ya tsaya.

Dabarar haɗa kayan aiki da yawa a ƙota ɗaya tsohuwa ce. A gidan tarihi na Fitzwilliam da ke birnin Cambridge a Ingila akwai wata ta zamanin Rumawa, wadda aka ƙera tsakanin shekara ta 200 da ta 300 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Ta azurfa ce, bakin wuƙar kuma ƙarfe, tana da cokali da cokali mai yatsu da tsinke, duk ana naɗe su. Amma jar da ka gani, wadda duniya ta fi sani, 'yar ƙasar Suwizalan ce, kuma aikin soja ne ya haife ta.

A ƙarshen shekarun 1880 rundunar sojan ƙasar ta nemi wuƙar da kurtu zai buɗe abincin gwangwani da ita, ya kuma kwance bindigarsa ya goge. Samfurin da aka amince da shi a 1890 baki huɗu kawai gare shi: wuƙa, basilla, mabuɗin gwangwani da sukurdireba, ƙotarsa kuma baƙin katako. Da yake a lokacin babu maƙerar da za ta iya aikin da yawa a cikin ƙasar, guda 15,000 na farko daga garin Solingen na Jamus aka kawo su. Wannan ya dami wani maƙerin wuƙaƙe mai suna Karl Elsener, wanda ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach a 1884. Ya haɗa kan abokan sana'arsa, a 1891 suka fara ƙera wa sojojin ƙasarsu wuƙar a gida.

A 1897 Elsener ya yi rajistar wata sabuwa, wadda ya tsara don hafsoshi da masu yawon daji. Hikimarsa ita ce ya jera kayan aiki a ciki da bayan ƙota, ƙarfen da ke danne na ciki shi ne kuma yake danne na baya, don haka baki ya ƙaru ba tare da wuƙar ta yi kauri ba. Da mahaifiyarsa Victoria ta rasu a 1909 ya sa wa kayansa sunanta. A 1921, bayan sun koma aiki da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Faransawa ke kira inox, aka haɗa kalmomin biyu suka zama Victorinox. Akwai kamfani na biyu, Wenger, da suka daɗe suna raba kwangilar soja tun 1908, har Victorinox ya saye shi a 2005. Sojojin Amurka da suka zauna a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka riƙa sayenta tsaraba, ta hannunsu ta bazu a duniya.

Akwai kuma wata 'yar'uwarta da za ka gani a kasuwa, wadda in an buɗe ta filaya ce, sauran kayan suna ɓoye cikin hannuwanta biyu. Wani Ba'amurke, Tim Leatherman, ya yi doguwar tafiya a Turai da matarsa a 1975 cikin wata tsohuwar Fiat da ke yawan lalacewa. Yana da wuƙar aljihu, amma kullum filaya yake nema. Da ya koma gida ya shafe shekara takwas yana gwaji kafin ya fara sayar da tasa a 1983. Ka lura, Malam, duka biyun buƙata ce ta ƙera su, ta soja a bakin aiki da ta matafiyin da mota ta tsaya masa.

Mu ma tunanin ba baƙonmu ba ne. Dattawan karkara sun daɗe suna yawo da matsefata a aljihu ko rataye da zare saboda ƙaya, wanzami kuma bai taɓa fita babu zabirarsa ba. Abin da maƙeran Suwizalan suka yi shi ne sun matse 'yar zabira ta koma tsawon yatsa.

To, mu zo kan amfani. Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. Wata shekara da bazara muna cikin motar haya, rana ta take, sai tururi ya turnuƙe daga gaban mota. Direba ya gangara gefen titi, wuri ne da ba gida gaba ba gida baya. Da injin ya huce ya buɗe, sai ga shi ƙarfen da ke ɗaure tiyon lagireto ne ya saki, ruwa yana tsiyaya. Ya zazzage akwatin kayan aikinsa, akwai jak da sifana, babu sukurdireba, wani ya ara bai dawo da ita ba. Ya gwada da kwabo, ya gwada da makulli, abin ya ƙi kamawa. Na ciro wuƙata na buɗe mabuɗin kwalba, wanda kansa a baje yake kamar sukurdireba, na miƙa masa. Juyi biyar ko shida ya yi, tiyo ya kama. Muka tara ruwan da ke hannunmu aka ɗura, muka kama hanya. Mata da yara da ke motar sun tsira daga yinin rana saboda ɗan ƙarfen da bai kai faɗin farce ba. Ranar na ƙara gane abin da magabata ke nufi da guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba kullum ake samun irin wannan ba. Yawancin aikinta ƙanana ne, irin waɗanda in babu abin yi a hannu suke cinye wa mutum rabin awa. A aji za ka fere fensir, ka yanka kwali don kayan koyarwa, ka ɗaure notin allo ko na kujera da ya yi sako-sako. A hanya za ka matse madubin babur ko kan batir, ka yanke igiyar ɗaurin kaya, ka cire ƙayar da ta soki taya ko ƙafa. A gida za ka buɗe gwangwanin tumatir ko na madara ba tare da an sa wuƙar girki ana bugu da dutse ba, ka fere mangwaro da lemo, ka kwance bayan rediyo ko tocila. Ɗan hantsakin da ke soke a gefen ƙota yana cire sartse daga hannun yaro cikin sauƙi.

Bakin da mutane suka fi rainawa, ni kuma na fi so, shi ne basilla. A yawancin masu matsakaicin girma tana da 'yar kafa a tsakiya kamar ta allura. In maɗaurin takalmi ya tsinke ko hannun jaka ya ɓalle, ka zura zare mai ƙarfi a kafar, ka huda fata, ka ja zaren ya yi ɗan lanƙwasa a ɗaya gefen, ka zura ɗaya bakin zaren ta ciki, ka zare basillar ka ja. Haka za ka yi ta yi har ɗinki ya kama, irin yadda baduku yake yi. Ba zai yi kyan nasa ba, amma zai kai ka gida da takalminka a ƙafa.

Sai dai kada yawan baki ya ruɗe ka. Kamfanin Wenger ya taɓa ƙera wata mai kayan aiki 87 da aka ce tana yin aiki iri 141, nauyinta ya haura kilo guda. Ta shiga kundin bajinta na duniya, amma ba ta shiga aljihun kowa ba. Duk bakin da aka ƙara, kauri da nauyi aka ƙara, wadda ta yi nauyi kuwa a gida za a bar ta, ranar buƙata ba ta nan. Ga mai aiki irin naka, wadda tsawonta ya kai milimita 91 a naɗe, mai wuƙa babba da ƙarama, mabuɗin gwangwani, mabuɗin kwalba, basilla, da almakashi in hali ya yi, ta wadatar. Ka duba bayanta kafin ka biya. Wasu suna da murɗaɗɗen ƙarfe na zare toshiyar kwalbar giya, wanda a wurinmu ba shi da aiki sai warware ƙullin igiya. Wasu kuma a gurbinsa an sa sukurdireba mai kan tauraro, ita ce ta dace da notinan babur da na kayan wuta. A kayan Victorinox ta farkon ana kiranta Spartan, ta biyun Tinker. In kuwa gyaran babur ne babban abin da ke gabanka, mai filaya ta fi, sai dai ta fi nauyi, a ɗamara ake rataya ta cikin kubenta.

Game da bambancin kuɗi da ka gani, jabu ta cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Launi da tambari ba su da wuyar kwaikwayo, ƙarfe ne ke tona asiri. Ka buɗe kowane baki ka rufe. Ta gaske tana buɗewa sumul, ta tsaya da 'yar ƙara ƙas, in ka girgiza ta gefe ba ta motsi. Jabu kuwa ko ta yi tauri har ta karya farce, ko ta riƙa lilo. Ka duba gindin babbar wuƙar, nan ake buga sunan kamfani da ƙasar da aka ƙera ta, rubutun a tsabtace yake. Ka gwada almakashin a kan zare ko ƙyalle: mai kyau yankewa yake, mara kyau taunawa yake. Ta gaske ta gwanjo ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, domin ƙarfe mai laushi yana dakushewa da wuri, sukurdirebarsa kuma tana murɗewa a noti na farko mai taurin kai.

Yanzu ga iyakarta, kuma ina roƙonka ka riƙe wannan da kyau. Yawancinsu ba su da makulli, ƙarfe ne kawai ke danne bakin, in ka soka tsininta a abu mai tauri ka danna za ta iya naɗewa a kan yatsunka. Kada ka yi ɓamɓare da bakin wuƙar, zai karye. Ka riƙa yanka kana tura bakin gaba, ba wajen jikinka ba, kuma baki ɗaya ake buɗewa a lokaci guda. Kada ka taɓa wayar lantarki da ita sai ka kashe wuta, domin jikinta ƙarfe ne. Ba wuƙar yankan dabba ba ce, bakinta gajere ne, za ta wahalar da abin yanka, addini kuwa ya hore mu da sauƙaƙa masa. Kada kuma a riƙa karɓa-karɓa da ita wajen yankan farce ko aski, saboda ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jini a kan ƙarfe mai kaifi. Sannan ka nisanta ta daga hannun yara, a gida da makaranta.

Kula da ita ba wuya. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna cushe gaɓoɓinta, sai ka sa ta a ruwan ɗumi kana buɗewa kana rufewa har ta saki, ka shanya ta bushe sarai, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan a kowace gaɓa. Ka wanke bakin kafin ka taɓa abinci da shi. In ta dakushe ka wasa ta a dutse mai laushi, ka ɗan kwantar da bakin, kada ka kai ta injin wasa wuƙa, zai cinye ta.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma kana da gaskiya da ka yi ta. Fitinar daba da ƙwacen waya ta sa jami'an tsaro da sauran jama'a suna tsarguwa da duk wani abu mai kaifi, ba za a ga laifinsu ba. Don haka ka zaɓi ƙarama, wadda kowa ya gani ya san kayan aiki ce. Ka ajiye ta cikin jakar littattafanka ko akwatin babur tare da sifana da makulli. Kada ka fito da ita a cikin taro don nuni, kada kuma hannunka ya je kusa da ita lokacin gardama, ko da wasa. Taron siyasa, kotu, banki da filin ƙwallo ba wurarenta ba ne. In jami'i ya tambaye ka a shingen bincike, ka faɗa masa tana nan tun kafin ya lalubo, ka gaya masa aikinka. In tafiyar jirgin sama ta kama, ko ta aikin Hajji ce, ka sa ta cikin babbar jakar da ake aunawa, domin tun bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka aka tsananta hana shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu. Wannan doka ta taɓa kamfanin Victorinox kansa, cinikin wuƙaƙensa ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a lokacin.

Shawarata, Malam, kafin ka fitar da kuɗinka ka yi mako guda kana lura da sau nawa ka ce wa wani ya ara maka reza, ko almakashi, ko sukurdireba. Abubuwan da ka fi nema a wannan mako su ne bakunan da kake buƙata, sai ka nemi wuƙar da ke da su, ka bar sauran. Ba za ta maye gurbin bakanike ko kafinta ba, aikinta shi ne ta fitar da kai daga tsakiyar hanya ta kai ka inda suke. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a cikin ɗalibanka.