Baƙo A Abuja Da Sana'ar Wankin Gilashi: Fara Daga Hawan Ƙasa

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin matasan da ke barin Kano, Katsina, Zariya ko Gusau su nufi Abuja neman abin yi, kuma jin ta ya ishe ni. Wai wankin gilashin tagogi ba ya buƙatar jari ko koyo, bokiti da tsumma da ɗan omo sun wadatar. Wai kuma kuɗin gaske yana can saman dogayen benayen tsakiyar birni, inda aikin kwana biyu zai biya wa mutum hayar shekara. Magana ta farko za ta sa ka rasa kwastoma tun ba ka same shi ba, ta biyun kuwa tana iya sa ka rasa rai. Sana'ar dai tana ci, wannan ba ja. Tun da gwamnatin tarayya ta dawo Abuja a Disambar 1991 ake ta gine-gine, kuma masu ginin ba su da abin so kamar fuskar gilashi, a garin da ƙura ba ta barin komai. Sai dai baƙon da yake son ya daɗe a cikinta, hanya ɗaya nake gani a gare shi: ya fara da gilashin da hannunsa ko sandarsa ke kai wa yana tsaye a ƙasa, ya tara masu kiransa duk wata a unguwa guda, ya ƙi duk aikin da zai rataye shi a sama ko da nawa aka ce za a biya.

Zan daɗe a kan batun hawa, domin a nan ne ake mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya faɗuwa a matsayi na biyu cikin haɗurran da ke kashe mutane a duniya, haɗarin mota kaɗai ke gabanta. Ba sai an faɗo daga hawa na goma ba. Wanda ya zame daga tsayin mita 3, wato wajen tagar bene na farko, zai daki ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa. Daga mita 10 gudun ya kai wajen kilomita 50 a awa, kuma abin da ke jiransa a ƙasa siminti ne ko tayil. Mai wankin gilashi ya fi sauran masu hawa shiga haɗari, saboda hannunsa a jiƙe yake da ruwan sabulu, takalminsa ma haka, ƙasan da tsanin ke tsaye a kai shi da kansa ya jiƙa ta, sannan aikin yana sa shi miƙa jiki gefe don ya kamo kusurwar da ta rage. Sau da yawa faɗuwa daga wannan miƙar take. A Birtaniya, inda faɗuwa daga sama ta daɗe tana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ma'aikata a bakin aiki, an kafa dokar aiki a sama a 2005, kuma tushenta shi ne duk aikin da za a iya yi daga ƙasa kada a hau a yi shi. Shi ya sa masu wankin tagogi da yawa a can suka koma amfani da doguwar sanda mai buroshi da ke tura ruwa sama alhali suna tsaye a ƙasa. Mutanen da ke da asibitin gaggawa a kusa da inshora a aljihu ke nan suna gudun tsani. Me zai kai yaron da ya zo garin jiya, wanda ba shi da ko mai yi masa jinya, ya ɗaura igiyar rijiya a ƙugu ya sauko ta saman rufi?

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Masu gine-gine da masu kula musu da su sun san cewa wankin dogon bene aikin kamfani ne mai horarrun ma'aikata, mai igiya biyu ta musamman, ɗaya ta aiki ɗaya ta kariya, da ɗamarar da ke riƙe jiki duka, da madaurin da injiniya ya gwada ƙarfinsa. Sun kuma san farashinsa. Idan suka tsallake kamfanin suka kira baƙo, arha suke nema, kuma arhar ba ta fito daga ko'ina ba sai daga cire kuɗin tsaron lafiyarsa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, amma wanda aka yi ciniki da shi a bakin get, ba takarda ba suna a rajista, ranar da ya faɗo zai sha wuya kafin ya tabbatar da cewa wani ne ma ya sa shi aikin. Ina ganin wannan zalunci ne, kuma bai kamata a riƙa kiransa taimakon matasa ba.

Idan tsani ya zama dole, a ce allon saman shago ko tagar da ke bisa ƙofa, to akwai ƙa'ida. Duk mita 4 na tsayi, gindin tsanin ya ja baya da mita 1 daga bango. Wani ya riƙe gindin. Hannu ɗaya da ƙafa biyu suna kan tsani a kowane lokaci, kuma cibiyarka ba ta wuce tsakanin ƙarafan gefe biyu ba. In gilashin ya yi nisa, sauko ka matsar da tsanin, ko da sau goma ne. Kafin ka ɗaga tsanin alminiyam ko doguwar sanda, ɗaga kai ka duba wayar lantarki. Manyan wayoyin da ke bin gaban shaguna ba su da rufi, kuma wutar da ke cikinsu tana iya tsallakowa kan ƙarfe tun bai taɓa su ba. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, domin ba a sanar da kai lokacin da za a maido.

Na san abin da za a ce: kuɗin shago kaɗan ne, yaushe za a tara? Mai wannan magana yana kwatanta aiki ɗaya da aiki ɗaya, alhali ba haka ake lissafin sana'ar ba. Dogon bene ana wanke shi sau ɗaya ko biyu a shekara, wajen biya kuma a bi ka da sai an sa hannu, sai akanta ya dawo. Kantin magani, shagon waya, gidan abinci, wurin sayar da motoci da shagon ɗinki mai nuna kaya ta gilashi kuwa, gilashin shi ne tallarsu, kuma yana ɓaci cikin kwanaki. Shago 20 da ake wa wanki sau biyu a wata aiki 40 ne da ka san ranarsu tun watan bai kama ba. Abin da zai ci ribar shi ne zirga-zirga. Baƙo ba ya samun wurin kwana a Wuse ko Maitama, sai Nyanya, Mararraba, Kubwa, Lugbe ko Dei-Dei, kuma an hana acaɓa shiga tsakiyar birnin tun 2006, don haka mai kwastoma ɗaya a Garki, ɗaya a Gwarinpa, ɗaya a Jabi direbobin tasi yake yi wa aiki. Zaɓi titi ɗaya ko rukunin shaguna biyu da ke kusa da juna, waɗanda za ka zagaye da ƙafa, ka nace musu. Kada ka raina unguwar da kake kwana ma. Kan titin Kubwa da Mararraba shagunan gilashi ne jere, kuma ba sai ka biya kuɗin mota ba.

Za a kuma ce ai kowane shago yana da yaron da ke gogewa da safe, wa zai biya wani? Gaskiya ne akwai yaron, kuma aikinsa ne zai sama maka kasuwa, domin kusan duk abin da yake yi kuskure ne. Ƙurar hunturu, wadda iska ke ɗauko mafi yawanta daga yankin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu taurin da ke karce gilashi. Goge ta da busasshen tsumma yana barin zane-zanen da ba sa fita, waɗanda sai rana ta haska ake ganinsu. Dole a jiƙa gilashi sosai kafin a taɓa shi. Garin omo yana barin farin dusashe, kumfarsa kuma ta yi yawa. Ɗigo kaɗan na sabulun ruwa na wanke-wanke a bokiti ya isa. Ruwan ba a barinsa ya bushe da kansa, ana sharce shi da robar sharce ruwa mai mariƙi, mai baki irin na waifar mota, a goge bakin robar bayan kowane ja, sannan a bi gefuna da busasshen ƙyalle marar gashi. Robar da ta ɗan yage ko kaɗan ta gama aiki, a canza ta. Gilashin da rana ta gasa yana busar da sabulu kafin ka sharce, shi ya sa ake bin inuwa: gefen yamma da safe, gefen gabas da yamma. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu wuraren yana da ma'adinan da ke barin fararen ɗigo idan ya bushe, kuma ruwan khal da aka sirka yana narkar da su in ba su daɗe ba. Gilashi mai duhu da aka liƙa wa leda kada reza ta kusance shi, haka ma maganin wanki mai amoniya. Asid ɗin wanke tayil kuwa yana cin firam ɗin alminiyam. Abu ɗaya da ba na so a manta: kada a haɗa bilic da ruwan khal ko asid ko amoniya da sunan ƙara ƙarfin wanki, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, musamman a ɗaki rufe. Duk wannan ana iya koyonsa cikin 'yan makonni a kan tagar gidan da kake zaune, kuma can ya kamata ka ɓata gilashi idan za ka ɓata. Ranar da ka wanke wa mai shago rabin gilashinsa kyauta ka bar ɗaya rabin yadda yaronsa ya goge, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Abin da ya fi wanki wuya ga wanda ya canza gari shi ne a yarda da shi. Baƙo ko da ido makaho ne, amma shi ma mai gari bai ganin cikin baƙo. Kana neman a bar ka ka tsaya kusa da kayan miliyoyi, ko ka leƙa ɗakin kwanan mutane ta taga, a birnin da kowa ke tsoron mai zuwa leƙen asiri kafin fashi. Saboda haka ka fara da shaguna, inda aikin a fili yake, gidaje su biyo baya ta hannun wanda ya riga ya san ka. Nemi dattijo ko ɗan kasuwa da aka sani a wurin ya tsaya maka, ka riƙe katin ɗan ƙasa a jikinka, ka bar lambar waya ɗaya ba ka canzawa. Masu gadi da yawa a Abuja Hausa suke ji, su ne kuma suka san wa ke da iko a gini, wa ke biya, wa ke cin haƙƙin ma'aikaci, don haka gaisuwar mutunci da su ta fi takardar talla ɗari. Idan aka kai ga shiga gida, a sanar da iyali tukuna, ka tsaya inda aka nuna maka, ba ɗaukar hoto ba surutu. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba sai ranar farko ba, amma ka yi ta da zarar ofis ko banki ya fara tambayarka, domin irin waɗannan wurare sun fi son biya ta asusun da ke ɗauke da sunan kasuwanci, da takardar neman biya.

Saura ƙorafin yanayi, cewa da hunturu gilashi yana sake ɓaci washegari, da damina kuma masu shago su ce ruwan sama ya wanke musu. Hunturu kakarka ce, a lokacin ne za ka ce wa kwastoma a koma kowane mako. Ruwan sama kuma ba ya wanke gilashi, yana kwaso dattin bango da na firam ya zubo a kansa, ya fantsamo laka daga ƙasa. Don kada damina ta bar ka hannu rabbana, yi yarjejeniyar wata-wata a farashin da bai canzawa duk shekara, ka haɗa da goge firam, da share ramin da taga mai ja take bi, da wanke ragar sauro. Farashi a yanke shi bisa yawan gilashi da girmansa bayan ka gani da ido, ciki daban waje daban, kuma wankin farko ya fi tsada saboda dattin shekaru ne. Tagar da ke bayan ƙarfen tsaro tana cin lokaci ninki, a saka wannan a lissafi. Kada ka karya farashi don kana sabo, domin wanda ya same ka da arha zai yi wuya ya yarda da ƙari daga baya. Bashi kuma kada ya wuce wata ɗaya. Wanda bai biya na watan jiya ba, a dakata da nasa har ya biya. Kafin ka jiƙa kowane gilashi, zagaya da mai wurin ku duba tare, duk tsagewa ko karcewar da kuka gani ka nuna masa, ka rubuta a littafinka da kwanan wata ya sa hannu, domin gilashin da aka wanke yana fito da tsohon lahanin da datti ya ɓoye, kuma babban gilashin shago guda ɗaya da aka ɗora maka laifinsa ya isa ya cinye abin da ka tara a watanni.