Injin Feƙe Ƙarfe a Gida: Idan Aka Kawo Maka Gyaran Bindiga

Wani matashi ma'aikaci ya aiko da tambaya. Tun yana yaro yake son aikin ƙarfe, har ya tara kuɗi ya sayi ƙaramin injin feƙe ƙarfe na hannu, ya ajiye a shagon ƙofar gida, yana taɓawa Asabar da Lahadi. Labari ya bazu a unguwa. Yanzu wani dattijo mafarauci ya kawo masa bindigar toka a gyara, wasu 'yan sintiri kuma suna tambaya ko zai iya ƙera musu sabuwa. Ya karɓa ko ya ƙi?

Ɗan'uwa, kada ka karɓa, ko gyaran ne kawai. Na san da nauyi a ce wa dattijo a'a, kuma na san halin tsaron da ya sa mutanen kirki neman abin kare kai. Amma aikin nan ba naka ba ne.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma take aiki har yau, ta hana ƙera bindiga da haɗa ta da ma gyara ta, sai a wurin da gwamnati ta keɓe ko da rubutaccen izinin hukuma. Har bindigar toka da ake ɗurawa ta baki tana cikin lissafi. Hukuncin ɗaurin shekaru ne, kuma alƙali ba zai tambaye ka ko sha'awa ce ta sa ka ko neman kuɗi ba. Mutane kan ce ai a Amurka mutum na ƙera bindigarsa a garejin gida, ga bidiyonsu nan cike da intanet. Dokarsu daban ce, kuma ba ita za ta tsaya maka a kotun Kano ko Gusau ba. Sannan bindiga ba ta zama a hannun wanda aka yi wa ita. Ana ara, ana sayarwa, ana ƙwacewa. Ranar da aka kama ta a hannun ɓarawon shanu, tambayar farko ita ce wa ya ƙera.

Ko da babu doka, ƙarfen kansa ya isa ya tsayar da kai. Iskar da ke cikin tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 a ma'aunin matsi. A cikin bututun bindigar farauta ta zamani, matsin da ke tashi lokacin harbi yakan kai bar 700, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kuma kusa da fuskar mai harbi. Shi ya sa a Ingila aka kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham tun 1813. Kowane bututu sai an harba shi da abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum, a rufaffen ɗaki da babu kowa ciki, in ya tsira a buga masa hatimi. Kai ba ka da wannan ɗaki. Ba ka da na'urar da ke gano tsagar da ta ɓuya a cikin ƙarfe. Ƙarfen da ka tsinto a kasuwar 'yan gwangwan ba ka san asalinsa ba, bututun famfo kuwa da ɗinkin walda a jikinsa daga sama har ƙasa. Tsohuwar bindigar dattijon ta fi haɗari ma, domin toka tana jan danshi, tsatsa ta ci ta daga ciki inda ido ba ya gani. Tana iya yin harbi hamsin lafiya, na hamsin da ɗaya ya tafi da yatsu ko ido. Yaya za ka zauna a unguwa ɗaya da iyalinsa bayan haka?

Ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi: "Baba, ka yi haƙuri, ba ni da izinin wannan aiki, kuma ina jin tsoron ta fashe a hannunka." Kada ka bari ta kwana a shagonka. Akwai kuma wata dabara da ya kamata ka sani: wani zai zo da zane a takarda, ko ɗan guntun ƙarfe, ya ce a yi masa irinsa guda goma, bai ce na mene ne ba. Ka sa wa kanka ƙa'ida, duk abin da ba ka ga injin da zai shiga ba, ba ka feƙe shi.

To injin fa, a rufe shi? Ko kusa. Abin da ke damuna shi ne yadda aikin halal ya yi yawa, masu yi suka yi kaɗan. Injin markaɗe ya tsaya saboda sandarsa ta cinye a mazaunin boris. Mai noman rani ya ajiye injin ban ruwa saboda bushi ɗaya da babu a kasuwa. Ga telan da wani ɗan noti ya hana shi ɗinki ana gab da sallah, ga masu Keke Napep. In kuma nishaɗi kake nema zalla, masu irin sha'awarka a Ingila sun fi shekara ɗari suna ƙera ƙananan injunan tururi da za su zauna a tafin hannu, har mujalla suke da ita tun 1898. Wanda ya iya sa fistan ya shige silinda ba tare da iska ta tsere ba ya ƙware da gaske.

Ka fara da bushi, domin shi zai koya maka awo. Sayi ma'aunin baniya, daga baya ka ƙara da maikiromita mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ka riƙe wannan, don nan sababbi suka fi ɓata aiki: in ka tura wuƙa rabin milimita, kaurin sandar milimita ɗaya zai ragu, saboda ana cin ta ta kowane gefe. Wasu injunan an riga an lissafa haka a jikin ma'auninsu, wasu ba a yi ba, sai ka gwada naka a kan ƙarfen banza. Bakin wuƙa ya tsaya daidai tsakiyar sanda. In ya yi sama zai riƙa goga maimakon yanka, in ya yi ƙasa zai bar ɗan tsiro a tsakiya, wani lokaci ma ya cafki aikin. Sandar ƙarfe mai taushi mai kaurin milimita 25, da wuƙar ƙarfe ta gama-gari, juyi 350 a minti ya ishe ta. Da ka ji injin yana kuka, ka ga fuskar aikin ta yi zane-zane, to sandar ta leƙo da yawa ko wuƙar ta dakushe: rage tsawon da ya fito, ka tallafe ƙarshen, ka rage gudu, ka wasa wuƙar.

Injin nan ba ya barin abin da ya kama. Cire babbar riga da zobe da agogo, naɗe hannun riga, kada ka sa safar hannu, amma ka sa gilashin kare ido. Makullin da kake ɗaure aiki da shi kada ya zauna a jikin injin ko na daƙiƙa ɗaya, don yana tashi zai wurgo maka shi a ƙirji. Ɓawon ƙarfe da buroshi ake share shi bayan injin ya tsaya, ba da yatsa ba. In aka ɗauke wuta kana cikin aiki, kashe makunni nan take kafin a dawo da ita. Tunda kuma shagon a ƙofar gida yake, ka kulle shi duk lokacin da za ka fita saboda yara.