Darasi na Bakwai: Duniyoyin da ke Kewaya Wasu Taurari

Manoman Gumel da Maigatari sun saba lura da taurari, irin su Kaza da 'Ya'yanta. Masana ilimin falaki kuwa sun tabbatar cewa taurari da yawa suna da duniyoyin da ke kewaya su.

A 1995, Farfesa Michel Mayor na Jami'ar Geneva da ɗalibinsa Didier Queloz suka gano ƙatuwar duniya mai kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kimanin kwana 4. Rangajin da take sa tauraron yi ne ya tona ta. Da yake nesa da tauraro irinta kan samu, masana suka fahimci cewa duniyoyi kan yi ƙaura. Binciken ya jawo musu kyautar Nobel a 2019.

Auna Fahimta
Me kusancinta da tauraron ya koya wa masana?