Hukuncin Ruwa Da Shaidar Dabbobi

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, darasinmu na wannan mako a kan ruwa ya ke.

Duk wanda ya karanta Ahalari ko Iziyya ya san malamanmu na Malikiyya da abu uku su ke auna ruwa, watau launi da ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta faɗa ciki ba ta jirkita ko ɗaya daga cikinsu ba, ruwan yana nan da tsarkinsa. Amma fa a lura, wannan ma'aunin tsarki ne, ba na lafiya ba. Akwai dafi iri iri na masana'antu da magungunan ƙwari waɗanda ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jinsu, alhali kuwa suna kisa.

A ran 1 ga Nuwamba, 1986, gobara ta tashi a wani rumbun kamfanin Sandoz kusa da birnin Bazel na ƙasar Suwizalan. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi magungunan ƙwari ya zuba a Kogin Rayin, kifaye suka yi ta mutuwa har cikin Jamus. A ran nan kogin ya yi ja, kowa ya gani. To, ranar da bai yi ja ba fa? Gwajin ɗakin bincike yana cin lokaci, kogi kuwa ba ya tsayawa ya jira sakamako.

Saboda haka ne masana suka nemi taimakon halittun ruwan da kansu. A Warso, babban birnin ƙasar Polan, wanda ke shan ruwan Kogin Bistula, ma'aikatar ruwa tana ajiye ƙumba guda 8, watau 'yar dabbar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa. Abincinta cikin ruwan da ta ke tacewa ya ke, don haka da ta ji gurɓata sai ta rufe ɓawonta. An manna wa kowace ɗaya na'ura da ke sanar da kwamfuta motsinta dare da rana. In da yawansu suka rufe a lokaci guda, sai a faɗakar da ma'aikata. Ƙumba ba ta faɗin sunan dafin. Wannan aikin masu gwaji ne. Bayan wata 3 kuma a kan mai da su tabkin da aka ɗebo su, abin da ya dace da umarnin Shari'a na kyautata wa dabba.

Mai tambaya zai ce, shin ana dogara da shaidar dabba? Amsa ita ce, Suratul Ma'ida ta halatta mana cin abin da horarren karen farauta ya kamo, a cikinta ne kuma hankaka ya koya wa ɗan Adam binne gawa. Wannan ba shaida ce ta gaban alƙali ba, alama ce mai ƙarfafa zato, zato mai rinjaye kuwa ana aiki da shi a fikihu. In irin wannan alama ta nuna dafi, masana suka tabbatar, to shan ruwan ya haramta ko da ya fi ƙanƙara haske. Wanda kuma ya ji tsoron cuta daga taɓa shi, bai sami wani ruwan ba, sai ya yi taimama.

Wassalam.