Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Maganin Kansa da Abincin Yara?

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekarar ƙarshe. An ba mu aikin nazarin rubuce-rubucen wani likita mai bincike. Da na buɗe jerin takardunsa a intanet sai na tarar wasu a kan maganin kansa ta hanyar garkuwar jiki suke, wasu kuma a kan tamowa da abincin yara. Abin ya ɗaure mini kai. Me ya haɗa kifi da kaska? Sannan tunda takardun nasa suna da yawa, hakan ya isa in rubuta cewa gwani ne? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ban san likitan da kike magana a kansa ba, don haka ba zan yabe shi ko in kushe shi ba. Amma zan nuna miki zaren da ya ɗinke fannonin nan biyu, sannan mu koma ga batun yawan takardu.

Fara da naɗe hannun rigarki ki dubi dantsenki. Mai yiwuwa ki ga ɗan tabo zagayayye, wanda aka bar miki tun kina jinjira. Tabon allurar BCG ke nan, rigakafin tarin fuka. To a shekarar 1976 wani likitan mafitsara a Kanada, Alvaro Morales, ya wallafa sakamakon wani gwaji: ya riƙa zuba wannan BCG ɗin cikin mafitsarar masu kansar mafitsara ta ƙaramin bututu, sai aka ga ciwon ya rage dawowa. Ba BCG ne yake kashe kansar da hannunsa ba. Tsokanar garkuwar jiki yake yi, ta taso a fusace, idan ta iso wurin sai ta haɗa da ƙwayoyin kansar ta cinye. Har yau ana wannan magani. Kin ga allurar jarirai da maganin kansa sun haɗu a kwalba ɗaya tun kafin a haife ki.

Tunanin ya girmi Morales. Tun 1891 William Coley, likitan fiɗa a birnin Niyok, yake yi wa masu kansa allurar ƙwayoyin cuta da gangan don jiki ya yi zazzaɓi ya tashi faɗa. Wasu sun samu sauƙi, wasu ba su samu ba, kuma babu mai iya faɗin dalili, sai aka yi watsi da hanyar shekaru da dama.

Dalilin ya fito ne bayan an fahimci wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Su ne dakarun da ke sintiri a jiki suna kashe duk ƙwayar da ta lalace. Allah ya yi su da linzami, don kada su afka wa lafiyayyen nama. Wayon kansa shi ne ta kama wannan linzamin ta ja, ta yi wa dokin dabaibayi, yana ganin abokin gaba amma ba ya iya motsi. Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano ɗaya daga cikin linzaman nan, PD-1, a 1992. James Allison na Amurka ya yi aiki a kan wani, CTLA-4, kuma a 1996 ya nuna cewa idan aka kwance shi a jikin ɓeraye, ƙarin da ke jikinsu yakan narke. Sai a 2011 aka amince da maganin farko na wannan hanya, ipilimumab, na PD-1 kuwa sai 2014. Honjo da Allison suka raba kyautar Nobel a 2018. Ki lura da tazarar: shekara 22 tsakanin takardar Honjo da kwalbar magani. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda mutanen karkararmu suka sani ta yaƙi da kurkunu, ya kamu da kansar fata da ta bazu zuwa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015. Cikin abin da aka yi masa har da maganin PD-1, kuma ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100.

Kada labarin Carter ya ɗauke ki. Ba kowa maganin yake yi wa aiki ba, a yawancin nau'o'in kansa waɗanda yake yi wa ba su kai rabi ba. Dokin da aka kwance kuma yakan yi ɓarna: garkuwar takan juya ta kama hanji, ko huhu, ko hanta. Ga tsada, wadda ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda kifi ya haɗu da kaska. Wannan magani kwance dabaibayi kawai yake yi. Idan dokin ya kwana da yunwa fa?

Ƙwayoyin T suna koyon aikinsu ne a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, ana kiranta taimos. A jikin yaro take da girma da kuzari. Idan tamowa ta kama yaro, wannan tsoka takan motse, fatar cikin hanji ta yi siriri, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Shi ya sa gudawa ko ƙyanda ko ciwon huhu da ƙosasshen yaro zai tsallake, sai su tafi da mai tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna da alaƙa da rashin isasshen abinci mai gina jiki. Kin san ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yaro. Na sha tsayawa ina kallon ma'aikaciya tana jan sa a hankali, uwa ta zuba wa hannunta ido, kore ya wuce, rawaya ya wuce, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5. A ganina ba ƙiba kaɗai ake aunawa ba a wannan lokacin, ana auna ƙarfin da ya rage wa yaron na kare kansa ne.

Yara ma suna kamuwa da kansa, kuma a nan fannonin biyu suke kwana a gado ɗaya. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala, ya bayyana wata kansa mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda yanzu ke ɗauke da sunansa. Ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da ƙasashenmu. Tana jin magani ƙwarai, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa ƙara rituximab, wanda shi ma maganin garkuwa ne, a kan allurar kemo yana ƙara yawan yaran da ke tsira. Amma yaron da ya zo asibiti a rame ba ya jure cikakken kemo, ƙwayoyin cuta sukan riga kansar kai shi ƙasa. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Zuwa asibiti a makare da rashin kuɗi suna cikin dalilai, yunwa ma tana ciki. Shi kansa Burkitt daga baya ya koma binciken abinci, yana jan hankalin Turawa kan amfanin dusa da harzar hatsi.

Mahaɗa ta ƙarshe tana cikin hanji. A 2013 ayarin Jeffrey Gordon na Amurka suka bi tagwaye a Malawi, inda ɗaya yake da tamowa mai kumbura jiki, ɗan'uwansa kuwa lafiya lau, alhali tukunya ɗaya suke ci. Da suka ɗebi ƙwayoyin halittar da ke hanjin mai ciwon suka sa wa ɓeraye, suka ciyar da su irin abincin yankin, sai ɓerayen suka rame. A 2018 kuma masu bincike a Faransa da Amurka suka nuna cewa irin ƙwayoyin da ke hanjin mai kansa suna da hannu a ko maganin PD-1 zai yi masa aiki. Likitan da ya ƙware a garkuwar jiki da hanji, ba abin mamaki ba ne a ga sunansa a ɓangarorin biyu. Bari in tsaya a nan in ja kunne, don na san abin da ke yawo a wayoyinmu: babu wani gari ko tsimi ko ƙwayar "ƙara garkuwa" da aka tabbatar tana maganin kansa. Abinci yana taimaka wa majinyaci ya jure magani, ba ya maye gurbinsa.

Sai tambayarki ta biyu. A'a, yawan takardu bai isa ba. Ranjit Chandra na Jami'ar Memorial a Kanada ya yi suna sosai a wannan fanni na abinci da garkuwar jiki, ga tarin takardu, ga lambar yabo ta ƙasa. A 2005 wata mujalla ta janye takardarsa ta 2001 da ke cewa ƙwayoyin bitamin suna kaifafa tunanin tsofaffi. A 2015 mujallar BMJ ta janye wata ta 1989 a kan madarar jarirai, a shekarar kuma aka karɓe lambar yabon. Abin da ke ba ni takaici shi ne shekarun da takardar madarar ta yi tana yawo, iyaye da likitoci suna dogaro da ita.

Saboda haka kada ki ƙirga, ki buɗe ki karanta. Dubi inda sunansa ya faɗo a jerin marubuta. A al'adar fannin lafiya, na farko yawanci shi ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne jagoran ayari, na tsakiya kuwa wani lokacin samfurin jini kawai ya bayar. Dubi irin takardar: wata sharhi ce a kan aikin wasu, wata labarin majinyaci ɗaya, wata gwaji a kan ɓeraye, wata kuma gwaji a kan ɗaruruwan mutane da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ba nauyinsu ɗaya ba. Dubi ƙarshen takarda inda ake faɗin wanda ya biya kuɗin binciken, musamman idan maganar madarar jarirai ce ko magani mai tsada. Akwai kuma mujallun da ke buga duk abin da aka biya su ba tare da masana sun tantance ba. Ki nemi taken a PubMed, ki kuma sa sunan marubucin a shafin Retraction Watch ki ga ko an taɓa janye masa aiki.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ko wasu sun maimaita aikin a wani wuri. A 2013 wani gwaji a Malawi, mai yara sama da 2,700, ya nuna cewa haɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙunshin gyaɗar nan irin na Plumpy'Nut yana rage mutuwar masu tamowa mai tsanani. A 2016 Sheila Isanaka da abokan aikinta suka wallafa irin gwajin da suka yi a Madarunfa, jihar Maraɗi, a kan yara sama da 2,000. Su ba su ga wani bambanci a fili ba wajen warkewa daga tamowar tsakanin waɗanda aka ba amoxicillin da waɗanda ba a ba ba, ko da yake an ɗan samu raguwar masu buƙatar kwanciya asibiti. Babu maƙaryaci a cikinsu. Yaran Malawi da yawa masu kumburi ne, kuma cutar ƙanjamau ta fi yawa a can, na Madarunfa kuwa galibi ramammu ne. Takarda ɗaya ba ta yanke hukunci, kuma abin da aka gani a wata ƙasa sai an gwada shi a kan yaranmu.

Ga abin da zan so ki yi da aikin naki. Zaɓi takardu uku kacal daga jerin, waɗanda sunansa yake farko ko ƙarshe, ɗaya ta kansa, ɗaya ta tamowa, ta ukun wadda aka fi ambata. A kan kowace ki rubuta tambayar da aka yi, mutum nawa aka gwada, a ina, me aka samu, da kuma ko wani ya sake samun hakan. Idan kin gama, aiko mini da taken ukun mu duba tare a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.