Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ba A Cika Tukunyar Gas Maƙil?

Wata mai sauraronmu daga Ƙofar Mata, cikin birnin Kano, tana tambaya: me ya sa mai gas ba ya cika mata tukunya har baki? Ko ƙwara ce?

To Hajiya, ba ƙwara ba ce. Gas ɗin girki haɗin butan ne da furofan, an matse shi har ya zama ruwa. Da zafi ya taɓa shi sai ya kumbura, shi ya sa ake tsayawa a wajen kashi 80 cikin 100. A bazarar Kano zafi kan haura digiri 40, tukunyar da aka ɗura maƙil tana iya yoyo, har ta fashe.

Ki ajiye ta a tsaye, a inuwa, nesa da murhu. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, musamman a ɗaki marar taga. Ki shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da tiyo. In ya yi kumfa, akwai yoyo. In kin ji wari, ki rufe tukunyar, ki buɗe ƙofofi, kada ki ƙyasta ashana ko ki taɓa makunnin lantarki.

Ki riƙa saya bisa sikeli, wurin mai lasisin NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar gas. Allah ya kiyaye.