Mawaƙin Garinku Ma Yana Da Iyali

Jama'ar Kura, Bunkure da Garun Malam, albarkar ruwan Tiga ta sa muna noma rani da damina. Amma akwai waɗanda girbin ba ya kaiwa gare su: matashin mawaƙi da ba shi da ubangida, da makaɗin gangar noma wanda aikinsa ya ja baya tun da gayya ta yi ƙaranci.

Ku bi sawun waƙa guda. Yaro zai yi ƙwadagon dashen shinkafa a Kadawa, bayansa a sunkuye cikin taɓo, ya tara kuɗin mota zuwa Kano, ya biya situdiyo a Zoo Road, ya sallami mai kiɗa da 'yan amshi. Ranar da waƙar ta fito, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya zuba ta a memori ya karɓi nasa. Ta zaga wayoyin Kwanar Gafan kaf, mai ita ko sisi bai gani ba. In ya gaji ya koma bin 'yan siyasa, mu ne kuma za mu ce ya lalace. Wannan ba adalci ba ne.

In za ku yi biki ko suna, ku gayyaci na gida, ku yanke kuɗi tun kafin ranar, ku cika alkawari. Liƙi daban, ladan aiki daban. In yana da shafi a YouTube, ku saurare shi a can. Wanda ba kuɗi a hannunsa, tiya biyu ta shinkafa ranar girbi ma biya ce. Da damin hatsi iyayenmu suka riƙe makaɗansu.

Don Allah, a girbin bana ku ware wa mawaƙin garinku nasa.